Lasifika Huɗu a Fadamar Gulma

Na sha jinku kuna ba 'ya'yanku labari kuna dariya, wai akwai shekarar da Baba ya ajiye aikin tasha, ya sayar da safaya da jak, ya cika mota da lasifika saboda son kiɗa. Ranar sunan da aka yi kwanan baya har na ji ɗayanku yana ƙarawa da cewa Baffanku Umaru ya so ya cire yayarku Kulu daga makaranta don ba ya son boko. Na yi shiru ne saboda akwai baƙi. Amma Umaru ya riga mu gidan gaskiya, ba ya nan balle ya kare kansa, ni kuma ban yarda a binne ni da sunan mai son kiɗa ba. Tunda Allah ya ara mini kwana, hannuna kuma bai fara rawa ba, ga yadda abin ya faru.

A shekarar ina jan wata tsohuwar mota mai dogon baya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, muna zaune a gidan haya a Gwadangaji. 'Yan tasha Sai-da-Turi suke kiran motar, kuma ba sharri suka yi mata ba. Rediyonta yana aiki, amma lasifika ɗaya ce ta rage a ƙofar direba, ita ma ta yage, in mai labarai yana magana sai ka rantse da ƙudan zuma a bakinsa. Abin da motar ke kawowa na cefane ne da kuɗin haya. Abincinmu na shekara kuwa daga Gulma yake zuwa, daga gonar shinkafar da mahaifinmu ya bari a fadama, wadda ba mu raba ba. Umaru ke riƙe da ita a matsayinsa na babba, in an yi girbi ya aiko wa kowa rabonsa. Sharaɗin ɗaya ne, kuma tun mahaifinmu na da rai haka yake: idan shinkafar rani ta fid da kai, ƙwayar tana ruwan nono, kowane gida zai ba da mutum ɗaya na tsaron tsuntsaye har a yanke ta.

Ku da kuka san shinkafa a faranti kawai ba ku san jan-baki ba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ba ya tafiya shi kaɗai. In garkensu ya taso daga bakin gulbi sai ka ga sama ta yi duhu, in kuwa suka sauka a gona suka tashi, kan shinkafar yana nan tsaye amma ya yi fari, sun tsotse shi. Mai tsaro yakan fita tun kafin rana ta ɓullo, ya yini yana gudu a kan kunyoyi, yana jan igiyar gwangwanaye, yana jifa da majaujawa, yana ihu har makogwaro ya bushe. A shekarar manyan samarin Umaru sun tafi neman kuɗi kudu, tsuntsayen kuma suka zo da wuri. Ni a gidana Kulu ce kaɗai ta kai, ku sauran kuna 'yan ƙanana. Ita kuma a daidai makonnin ne za ta zauna jarrabawar fita sakandare, wadda in ta wuce ka sai baɗi, baɗin kuma ba ni da tabbacin zan iya sake biya.

Umaru da kansa ya hau mota ya zo Gwadangaji. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, bai yi dogon zance ba.

"Garba, shinkahwa ta hid da kai. Ɗiyar ga nika so ta bi ni."

"Yaya, jarrabawa gare ta. Ni in taho madadinta."

Ya dubi ƙafata ta hagu, wadda ta gajarce tun haɗarin da na yi ina ƙaramin direba, ya yi ɗan murmushi. "Kai da ƙahwar ga? Kahin ka kai gabas sun cinye yamma. Muryar taka ma ko kaza ba ta tadawa. Ni ban ƙi karatu ba, Garba. Amma takarda ba a tuƙa ta. In tsuntsu ya cinye gonar ga, gidana da naka da Inna, mi za mu ci?"

Ku lura da wannan magana, don ita ce nake so ku riƙe. Bai ce boko banza ne ba. Mutum ne da ya taɓa ganin shekarar da jan-baki ya bar mu da ƙaiƙayi, muna yara, har aka sayar da shanun noma. Gaskiya ce ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai, don da ƙarya ya yi da na sami abin musu. Kulu tana bayan ƙofa tana ji. Ba ta yi kuka ba, sai na ga ta shiga ɗaki tana haɗa littattafanta cikin leda, kamar wadda ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Wannan leda ita ta tayar mini da zuciya. Na roƙi Umaru ya ɗaga mini ƙafa zuwa kasuwar Argungu mai zagayowa, in ban kawo abin da zai tsaya a madadinta ba, ni da kaina zan kawo ta Gulma. Ya ce ya ji, amma ran da ya ga gefen gona ya yi fari, maganar ta ƙare. Lokacin da na yi alkawarin, wallahi ban san abin da zan kawo ba.

Washegari a tasha ina jiran layi, wani matashin direba ya kunna kiɗa a motarsa, irin mai dukan ƙirjin nan, sai tantabarun da ke kan rumfa suka watse gaba ɗaya. Na bi su da kallo, na ce to, ashe ga mai tsaro nan a gabana. A tasha kuwa yadda ake auna kayan sauti ke nan: in gilashi bai yi rawa ba, in na kujerar baya bai ji cikinsa na motsi ba, ba ka sa komai ba. Da wannan ma'aunin na nufi shagon Emeka, wani mutumin kudu mai sayar da kayan wutar mota na hannu, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasunku. Kunya ta hana ni gaya masa dalili. Na ce kawai ina son babbar lasifika mai girgiza mota, da amfilifaya, amma na gwanjo, don aljihuna bai da nauyi.

"Malam Garba, kai ma?" in ji shi, yana dariya. "Da hurhurarka? Ko amarya za a yi muna ba mu sani ba?"

Na ce ya dai ba ni. A nan safaya da jak suka tafi, wannan ɓangaren na labarinku gaskiya ne. Akwatin lasifikar kuwa da katakon tsohuwar ƙofar bayan gida muka haɗa shi, na cushe kusurwoyin da tsumma. Da muka kunna a ƙofar shago, sai da madubin motar ya karkace. Na koma gida ina jin kaina. Mamanku ta fito ta dubi akwatin da ya cinye rabin but, wurin kaya na bayan motar, ta dubi inda safaya take a da, ta ce:

"Malam, Allah shi sa tsuntsayen su ji tsoronta awa yadda ni nij ji."

Da sassafe na isa Gulma, na hau da motar kan tudun da ke gefen gona, na buɗe but da ƙofofi, na saki kiɗan ganguna har ƙarshen maɓalli. Garken farko ya tashi, Umaru ya ɗaga gira, ni kuma na gyara hula. Kafin hantsi sun dawo. Abin da ban sani ba shi ne, kaurin sautin da ke cika mota, a fili ba ya zuwa ko'ina, in ka yi taku kaɗan cikin gona sai ka ji shi kamar ana daka a wata unguwa. Na kusa kuma suka saba da shi, tunda ba ya tsayawa ba ya canzawa. Da azahar na ga jan-baki a kan rufin motata yana gyara fiffike. Kafin la'asar batir ya mutu, manoman maƙwabta suka taru suka tura ni suna tambaya ko gobe ma akwai biki. A ranar gefen gonar na arewa ya fara fari. Umaru ya tsinko kai ɗaya ya murje a tafin hannunsa, ya hure, babu abin da ya rage. Ya zuba mini ƙaiƙayin a hannu ya wuce. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don farin da ya yi gargaɗi a kai ya fara, kasuwar Argungu kuma ta matso.

Ban koma Birni kai tsaye ba, na biya wajen Inna, kakarku. A lokacin ƙafafunta sun daina ɗaukarta, tana zaune a ɗakinta, amma idonta da bakinta lafiya lau. A ƙuruciyarta an san muryarta a fadamar nan, ana cewa in ta yi kora a gonarmu har na gonar maƙwabta sai sun tashi. Labarin ya riga ni isa, na tarar da ita tana dariya har da share hawaye.

"Kai Garba, kiɗi kay yi ma tsuntsaye? Ba ka kai musu goro ba?"

Na ce, "Inna, ƙara nika so ta kore su."

"Tsuntsu ba shi tsoron ƙara, in ba haka ba da aradu ta ƙare su. Mutum shika tsoro. Ka bar shi shi karyo, shi miƙe ƙahwa za shi sauka, sannan ka tsawata mai daga inda bai zata ba. In ya tashi ka yi kurum. In ya koma can, shi ishe ka can. Wanga shi na tsaro. Mai ihu wuni guda mahaukaci na, tsuntsu ma ya sani."

Da tsohuwar zuma ake magani. Ina tuƙi zuwa Birnin Kebbi maganarta na yi mini yawo a kai: daga inda bai zata ba, in ya koma can ya tarar da kai can. Sai idona ya faɗa kan rediyon motar, kan wasu maɓallai biyu da ban taɓa damuwa da su ba tunda lasifikata ɗaya ce. Ɗaya yana kai sauti gaba ko baya, ɗaya yana kai shi hagu ko dama. Mota kusurwa huɗu gare ta, gona ma haka. Sai da na taka birki na tsaya a gefen titi don kada murna ta jefa ni rami.

Wannan karon na ajiye kunya, na gaya wa Emeka komai, har da ledar littattafai. Ya daina dariya, ya riƙe ƙugu.

"Haba Malam Garba, ai da ka hwaɗa min tun hwarko. Wagga ta cikin mota ta, a hili ba ta da amfani. Ƙaho kaka so, irin na masallaci, mai kaihin murya."

Ya shiga can ƙuryar shago ya jawo ƙahoni huɗu, duk sun lotse, sun yi ƙura, ragowar wasu masu yawon kamfe da suka watsar bayan zaɓe. Biyu ba sa magana sam. Ya karɓi babbar lasifikar ya ba ni su a madadinta, ya zauna ya sake naɗa wa matattun waya da hannunsa, ya ce wannan aikin ba na biya ba ne, shi ma 'yarsa ta zauna jarrabawar bara. Ya canza mini amfilifayar da wata tsohuwa mai baki huɗu, ya nuna mini in rage kaurin sauti gaba ɗaya in ɗaga kaifinsa, in ba haka ba ƙahonin za su ƙone. Saura waya, kuma ita ce mai tsada, don gonar doguwa ce. Na zaga wajen 'yan jari-bola na tsinto guntayen tsofaffin wayoyi, kowace da launinta, na wuni a tsakar gida ina ƙulla su, ku kuna yanko mini robar tsohon tub na taya ina naɗe mahaɗan. Da ta gaza, Mamanku ta kwance wayar shanyarta ta miƙo mini. Ita ce kuma ta cire memorin wayarta, wanda ta tara waƙoƙin biki a ciki tun muna amarci, ta ce a goge a ɗauki abin da za a kunna a rediyon motar. A makonnin da motar ba ta fita lodi ba, awarar da take soyawa a ƙofar gida ita ta riƙe mu. In kuna neman wanda ya biya kuɗin lasifikar nan, ita ce.

Saura muryar. Na kai wa Inna wayar salula a ɗaki na ce ta yi kora in ɗauka. Ta buɗe baki ta rufe, ta ce ita ba ta iya kora babu tsuntsu, ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Dole muka ɗauke ta ni da Umaru, muka sa ta a kujerar gaba, na kai ta kan tudun. Ta daɗe ba ta ga fadama ba. Tana kallon shinkafar, can wani ɗan garke ya karyo, sai na ji wata murya ta fito daga ƙirjin tsohuwar nan wadda rabona da ita tun ina yaro, mai kaifi, mai tsawo. Ta kora, ta zage su, ta zagi iyayensu, ta yi musu baki iri-iri, ni kuma ina riƙe da waya ina ɗauka guntu-guntu. Ba ta jima ba numfashinta ya gaza, ta jingina tana haki. Amma abin da nake so na samu.

Muka kafa sanduna a kusurwoyi huɗu, muka ɗaura ƙahonin suna kallon cikin gona, muka ɗaga waya a kan 'yan sanduna don kada ta kwanta cikin ruwa. Motar na juya hancinta ga gangara, saboda in batir ya yi sanyi in sake ta ta tashi da kanta, kuma nakan tayar da injin lokaci-lokaci ya cika shi. Na zauna a kujerata, hannu ɗaya a maɓallin gaba da baya, ɗaya a na hagu da dama. Garke ya karyo gabas, na bari sai da suka miƙe ƙafa, na murɗa, na saki. Muryar Inna ta fashe a can ƙarshen gona inda babu kowa. Suka tashi a firgice suka nufi yamma, na riga su isa. Inna da ke gefena ta dafe ƙirji.

"Wace ta wagga mai bakin tsiya?"

"Ke ta, Inna."

"A'a! Ashe haka nika?" Ta ɗan saurara, ta gyaɗa kai. "To, ta iya."

Daga ranar ta ce ba a barin ta a ɗaki. Kullum da sassafe ni ke ɗauko ta, ta zauna a gaba da 'yar butarta da goronta, ta zama idona. Tana hango garke tun yana ɗigo a sama, ta ce arewa, ko ta ce bari tukuna, ba su yi niyya ba. In na yi gaggawa ta buge mini hannu. Umaru da yaransa biyu da suka rage suna tsakiyar gona da igiyar gwangwanaye, inda ƙahonin ba su cika kaiwa ba. Kasuwar Argungu ta zo ta wuce, Umaru bai ce a kawo Kulu ba, bai kuma ce an fasa ba. Cewa ya yi manyan garkunan tsuntsayen ba su zo ba tukuna, kuma ya fi ni sanin abin da yake faɗa. Kowace yamma in na koma Gwadangaji, Kulu takan tare ni a ƙofa ba ta tambaya, sai ta dubi fuskata. In ce mata ta je ta yi karatu, gobe ma tana nan.

Manyan sun zo ne ana saura takardu kaɗan Kulu ta gama, shinkafar ta fara ja. Da hantsi Inna ta ajiye goron da za ta kai baki ta ce, "La ilaha illallahu." Na duba wajen gulbi na ga abin da ban taɓa gani ba tun waccan shekarar ta ƙuruciyarmu. Gonakin maƙwabta suka kaure da ihu. Garken ya rabu biyu, ya rabu uku, wani na sauka wani na tashi. Inna na kira, ina murɗawa, gabas, kudu, gabas kuma, arewa, yatsuna har suka yi zafi. Amfilifayar ta yi zafin da ba a taɓawa, na jiƙa tsumma na ɗora mata. Ana cikin haka, ɗif, komai ya ɗauke. Shirun da ya biyo baya, da ƙarar fikafikai a cikinsa, har yau ina jinsa. Na san fis na wutar rediyon ne ya ƙone, kuma ba ni da wani. Na faɗa ƙarƙashin sitiyari, na yago silin waya da haƙori don ya tsaya a madadinsa, ina laluben wurin. Na ji Inna ta fid da kai ta taga tana kora da bakinta, muryar na karyewa, tana sakewa. Na ɗaura silin, na ce bismillah, na kunna.

Da na ɗago, Umaru ne tsaye a jikin ƙofata, ya jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Mutumin da tun farko bai yarda da aikin motar ba, shi ne ya cusa kai ta taga yana buga rufi da tafin hannu.

"Yamma, Garba! Yamma! Ba ta yamma! Yauwa! Maido ta kudu! Ƙara mata!"

Na daina raba ta ma, na tsayar da maɓallan a tsakiya na buɗe duka huɗun lokaci guda. Inna huɗu suka tashi a fadamar Gulma, ta biyar tana kujerar gaba tana taya su. Garken ya dunƙule, ya yi sama, ya yi wani juyi a kanmu, ya miƙe ya bi gulbi. Muka tsaya muna jira ko zai dawo. Bai dawo da wannan yawan ba har aka yi girbi. Umaru ya shiga gona ya zaga, yana tsinko kai yana murzawa, ya dawo ya buɗe mini tafin hannunsa cike da ƙwaya. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar motar, ya daɗe yana mayar da numfashi.

"Ka gaya ma ɗiyar ga ta zauna ta yi karatunta," in ji shi. "In ta hwaɗi kuma ni da ita na."

Abin bai zo kyauta ba, kada ku ɗauka haka. Da na koma tasha na tarar fasinjojina na kullum, 'yan kasuwar da ke jirana ko da layina bai zo ba, sun saba da wasu direbobi, kuma yawancinsu ba su dawo ba. Na daɗe ina tafiya Argungu babu safaya, ina addu'a a kowane rami. Gefen arewa da aka cinye ranar kiɗan ganguna daga rabona aka cire shi, kuma ban yi gardama ba. Inna ma ranar manyan garkunan ta taɓa muryarta, daga nan ba ta sake komawa yadda take ba, magana sai a hankali. Na taɓa ce mata na yi nadamar kai ta, ta ce in rufe mata baki, rabonta da jin daɗi irin na makonnin nan tun mahaifinmu na raye. Amma buhunan da suka shigo Gwadangaji a shekarar sun kai mu wata shekarar har da saura, kuma kafin rani ya zagayo manoma sun fara zuwa shagon Emeka suna tambayar ƙaho irin na Garba.

Ranar da Kulu ta rubuta takarda ta ƙarshe, ba ta ko cire kayan makaranta ba ta hau motar Argungu, daga can ta sami mai babur zuwa Gulma. Da la'asar muka hango ta tana tahowa a kan kunya, takalmanta a hannu. Duk makonnin nan ba ta taɓa jin abin da ke tsare mata gurbi ba, labari kawai take ji. Ta gaida Baffanta, ta durƙusa a jikin ƙofar da Inna take. Sai ga wani ɗan garke ya karyo kusa da mu. A cikin guntayen da na ɗauka akwai ɗaya da ban taɓa gaya mata ba, shi na lalubo na sake a ƙahon da ke bayanta. Muryar Inna ta tashi da dukan ƙarfinta na da:

"Haaa! Ku tashi, 'yan banza! Ba ta zuwa! Jikata na karatu, ni at tsaye nan! Ku tashi!"

Tsuntsayen suka watse. Kulu ta juya ta dubi ƙahon, ta juyo ta dubi tsohuwar, takalman suka zube daga hannunta. Ni da ban saba nuna mata komai a fuska ba, kasancewarta 'yar fari, sai na shiga goge sitiyari da hular kaina. Inna ta miƙo hannu ta taga ta kama haɓarta, ta yi magana da 'yar muryar da ta rage mata, sai da Kulu ta matso da kunne.

"To, ƙawata. Kin rubuta, ko banza nib ɓata makoshina?"

"Na rubuta, Inna," in ji Kulu, hawaye na zuba. "Duka. Ban bar ko guda ba."